Ƙusar Baba Shandu

Abu ɗaya Biyela ya manta a safiyar Lahadin nan: bai rufe babban famfo ba. Sauran duk ya yi su yadda ya ga ana yi. Ya jira matarsa MaZondi ta tafi coci, ya kashe wutar hita, ya tuɓe rigarsa ta kirki, ya ɗauko guduma da doguwar ƙusa, ya hau kujera ya buɗe kabad ɗin da tankin ruwan zafin yake ciki. Ya saita ƙusa a jikin tankin, ya rufe ido ɗaya kamar maharbi, ya buga.

Ruwan bai yi masa sallama ba. A fuska ya same shi, ya tunkuɗo shi daga kan kujera. Ya tashi ya toshe hudar da babban yatsa, yatsa ya nemi dahuwa. Ya cusa sabulu, kicin ya cika da kumfa. Kafin ya gangara hawa huɗu da gajeren wando yana neman inda famfon yake, ruwa ya riga shi sauka. Ya ratsa daɓensa ya shiga gidan Anti Kogie da ke ƙarƙashinsa, ya jiƙa silin har ya ɓallo ya faɗa kan keken ɗinkinta da kantar da take ajiye hoton marigayi mijinta da fitilar da take kunna masa. Daga nan ya zarce gidan da ke ƙasa da nata, tunda shi ruwa ba ya tambayar lambar ƙofa.

Da maƙwabta suka taru, bakin Biyela ya riga hankalinsa, kamar kullum.

“Hitar nan fashewa ta yi. Ina zaune ina shan shayi, ban ce mata komai ba, ba ta ce min komai ba, sai na ji bum.”

Aka yi masa jaje, wasu har da dariyar wandonsa. Ƙusar tana aljihun wandon tana sukar cinyarsa.

Baba Shandu, mai kula da benen, shi ya rufe famfon. Sannan ya hau a hankali, yana dafa gwiwa a kowane hawa. Ya leƙa kabad, ya daɗe yana duban hudar, ya juyo ya dubi Biyela tun daga sama har ƙasa.

“Allah sarki,” ya ce. “Ta mutu da ƙuruciyarta.”

Ya je ya ɗauko tsumma da bokiti.

Shi Baba Shandu mutumin Nongoma ne, can karkarar ƙasar Zulu. Ya zo Durban yana saurayi da takalmi ɗaya a rataye a wuya, don kada tafiya ta cinye shi. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa har bayansa ya ce ya isa, sannan ya bi wani Bature mai gyaran famfo yana riƙe masa akwatin kayan aiki. Baturen bai taɓa koya masa komai da baki ba, amma bai hana shi kallo ba. Da Baturen ya tattara ya bar ƙasar, sai ya bar shi da sifana biyu da wani tsohon bene mai hawa biyar a unguwar Umbilo da ke neman mai shara. Ɗakin da aka ba shi yana ƙarƙashin matakala, kusa da inda ake ajiye kwandunan shara, taga ɗaya, gado ɗaya, rediyo ɗaya da ba ta kama komai sai tashar Zulu. A ɗakin nan ya tsufa. Matarsa ta rasu a ƙauye, ya je ya binne ta ya dawo. Ɗiyarsa ta yi aure can nesa. Gidan da ya gina a Nongoma iska ta yaye rufinsa tun shekarun baya, kullum cewa yake zai gyara idan Disamba ta zo, Disamba kuwa ba ta fasa zuwa ba, rufin ma bai fasa zama a ƙasa ba.

Ba mutum ne mai daɗin zama ba, kada a yi masa ƙarya. Yakan kori yara daga matakala da tsintsiya, yakan ƙi gaida duk wanda ya jefa shara ba a ɗaure ba har sai an shiga tsakani. Amma makullin kowane gida yana ɗamararsa. Ya san wanda ke dukan matarsa, ya san wanda ke kwana da yunwa da labule a sake don kada a gani, kuma ba a taɓa jin ya ɗauki maganar wata ƙofa ya kai wata ba. Idan aka matsa masa sai ya ce, “Wanda aka ba makulli, an karɓe masa baki.”

Sai kuma maganar ƙusa, wadda kowa a benen ya sani, amma ba wanda ya taɓa jin ta a bakin wani.

Bene irin wannan, kowa da nasa sashe, amma rufi da bango da bututu na kowa ne, don haka inshora ɗaya ake yi wa ginin, a raba kuɗinta a cikin abin da kowa ke biya duk wata. Ita kuwa inshora tana da wata ɗabi'a: ba ta biyan tsufa, tana biyan fashewa. Idan hitarka ta tsufa ta dinga ba ka jan ruwa mai ɗumi-ɗumi kamar shayin asibiti, matsalarka ce. Idan ta fashe, kamfani zai aiko a saka maka sabuwa. Iskar teku kuwa ba ta barin ƙarfe ya tsufa da mutunci a garin nan.

Da Anti Kogie aka fara. Shekarar da mijinta ya rasu, hitarta ta kwanta a tsakiyar sanyi, ba ta da kuɗin sabuwa, tana dafa ruwan wanka a tukunyar miya tana ɗaukarsa zuwa banɗaki. Baba Shandu ya gani. Ya ce, “Anti, bari in gaida mara lafiyar.” Ya rufe famfo, ya juye ruwan, ya lalubi inda tsatsa ta riga ta ci gindin tankin, ya ɗora ƙusa ya ɗan taɓa. Ya zuba ruwa kaɗan a ƙasa don shaida. Kafin mako ya zagayo Anti tana wanka da ruwan zafi. Ta aiko masa da kwanon miyar kori ta kaza, ya ci, ya wanke kwanon ya mayar.

Daga nan abin ya zama al'ada. Ba wanda ke cewa a huda masa hita, wa zai faɗi haka? Cewa ake yi, “Baba, ta gidana ba ta jin daɗi.” Shi kuma ya zo dubiya. Yana da ƙa'idarsa: sai wadda ta riga ta kama hanya yake rakawa, kuma gwauraye da masu fansho su ne a gaba. Ba ya karɓar kuɗi. Kaza, ko taba, ko tsohuwar kwat. Abu ɗaya yake roƙa, a bar masa gawar. Sai ya raba tankin biyu, ya cika da ƙasa, ya jera a bayan gida ya shuka alayyahu da barkono da kabewa, hudar ƙusar ta zama mafitar ruwa. Kowane kwami da sunan mai shi. “Yau alayyahun Anti ya yi kyau,” in ji shi, “amma barkonon malamin makaranta rowa gare shi kamar ubangidansa.”

Biyela ne ya laƙa masa Likita. Biyela dai mai sayar da taya ne a bakin babban titi, ya ba hamsin baya, baki kamar reza. Ana cewa ya taɓa sayar wa wani mutum taya huɗu, sai da mutumin ya biya ya tuna tun bara ya sayar da motarsa. Saboda bakin nan aka naɗa shi shugaban kwamitin benen, don shi kaɗai ne zai sanar da ƙarin kuɗin wata mutane su watse suna dariya.

Ƙarin kuwa ya zama abincin kowace shekara. Tun ambaliyar da ta wanke rabin garin, kamfanonin inshora suka ɗaga farashi a kan kowa, da wanda ruwa ya ci da wanda ya kalla ta taga. Kwamiti ya yi duk dabarar da ya iya. Sun yarda su riƙa biyan kaso mafi girma daga aljihunsu idan ɓarna ta faru, sun shafe rufi da kwalta, sun bi kamfani-kamfani kamar masu neman aure, kowanne ya dubi yawan hitocin da suka fashe a benen ya ce zai yi shawara. An kori mai yankan ciyawa. An rage fitilun matakala. Masu fansho suka fara zuwa taro da fuska a ɗaure.

A cikin wannan hali ne dangin MaZondi suka aiko cewa za su zo hutun Disamba su ga teku, su da yaransu. Hitar Biyela ƙarama ce, mutum biyu suka yi wanka na uku sai addu'a. Ya sami Baba Shandu yana ba shukarsa ruwa.

“Likita, ta gidana ba ta jin daɗi.”

“Wace? Wadda aka saka shekaran jiya-jiyan nan?”

“Ciwon zamani ne, Baba, yara yake kamawa.”

“Lafiyarta ƙalau. Kai ne ba ka da lafiya, Ciyaman. Surukanka su yi wanka da na sanyi, a ƙauyensu a kogi suke yi.”

“Haba Baba, kaza biyu fa.”

“Ko akuya ce. Ni ba na yanka mai rai.”

Abin da ya kai Biyela kan kujera da guduma ke nan.

Ɓarnar gida uku ba irin wadda ake biya ta waya ba ce. Kamfani ya turo wata budurwa mai tabarau ta duba. Biyela ya tare ta a ƙofa ya zagaya da ita yana zuba, tana murmushi kaɗan-kaɗan kamar ana cirar mata kuɗinsa daga albashi. Ta haska hudar da ke hitarsa, ta shafa bakin hudar da yatsa. Da za ta koma motarta ta bi ta bayan gida, ta ci karo da lambu. Ta tsaya. Ta durƙusa da siket ɗinta mai tsada, ta leƙa ƙarƙashin alayyahun Anti, ta matsa ta leƙa ƙarƙashin barkonon malamin makaranta, ta bi layin har ƙarshe.

“Lambun wa ne wannan?”

“Na tsohonmu ne, mai kula da gida. Hannunsa da albarka, ko tsintsiya ya dasa sai ta yi ganye.”

“Na gani. Ta gidanka fa, ita ma hannun nan ne?”

Ga ƙofa an buɗe masa, faɗinta ya kai na gareji. Biyela ya ji bakinsa ya yi gaba ba tare da shi ba.

“Ni mai taya ne, Malama. Aikina toshe huda, ba yin ta ba.”

A nan ne ta yi dariya ta gaske, karo na farko, ta shiga mota.

Amsar kamfani ba ta da tsawo. Ba za su biya ɓarnar ba. Za su ci gaba da inshorar ginin, amma farashi zai yi tsalle irin wanda bai taɓa yi ba, an cire hitoci daga ciki gaba ɗaya, kuma wanda ya yi wannan aiki kada ya sake riƙe makullin kowa. Ba halin a ce an fasa, doka ba ta yarda bene ya zauna ba inshora ba, bankunan da suka ba rabin mazauna rancen gida ma ba za su yarda ba.

Kwamiti ya kawo hanya biyu a zaɓa a babban taro. Ko a karɓe makullai da kayan aiki a hannun tsohon, a bar shi da tsintsiyarsa da ɗakinsa. Ko a sallame shi gaba ɗaya, a ɗauki kamfanin shara mai zuwa jefi-jefi, a ba da hayar ɗakin ga ɗalibi, kuɗin ya rage wa kowa zafin ƙarin. Da a kan tsofaffin hitoci ne kawai, da kunya ta hana mutane ɗaga hannu, don kusan kowa da kwaminsa a bayan gida. Amma ga silin Anti Kogie a ƙasa. Magana ta bi matakala: tsohon ya rikice, hannunsa ya fara rawa, yau gida uku, gobe wa ya sani.

Baba Shandu bai musa ba, bai amsa ba. Ya ci gaba da shara.

Kwanakin nan Biyela ya san mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya daina bi ta ƙofar gaba da safe, don a nan tsohon ke goge gilashi. Ya koma bi ta baya, can kuma ga lambu. Ya jefa ƙusar a kwandon shara, washegari ya same ta a kan tabarmar ƙofarsa, an wanke ta. A shago wani ya kawo taya da ƙusa a ciki, ya ce yaransa su duba, shi kansa ke ciwo. Sabuwar hitar da ya saya da kuɗinsa babba ce, ruwanta har tururi yake, amma sai ya sami kansa yana wanka da na sanyi.

MaZondi ta lura. Tana tuƙa tuwon masara ba ta ko juyo ba ta ce, “Baban Nokwanda, ranar da hitar nan ta fashe, me gudumata take yi a cikin kwanon wanke-wanke?”

“Ruwa ne ya kawo ta.”

“Guduma ta iya iyo ke nan.” Ta ɗora murfi. “Ni dai ban ce komai ba. Amma tsohon nan shi ya ɗauke ni a bayansa ya sauko da ni hawa huɗu ranar da naƙudar Nokwanda ta kama ni, kai kana wajen kallon ƙwallo.”

Wadda ta fi ƙona shi Anti Kogie ce. Ya je ya taya ta kwashe buraguzai, ya tarar ta shanya hoton mijinta a taga, fuskar ta kumbura ta yi fari-fari. Ta zuba masa shayi, ta tura masa biskit.

“Kai ma an cuce ka, yarona. Ni ban riƙe shi a zuciya ba, ya yi min rana. Tsufa ne. Amma ka ga fansho ba ya miƙewa kamar roba.”

Ya gutsuri biskit ɗin ya ƙware. Ya yi tari, ta bubbuga masa baya.

Ranar Asabar da la'asar aka jera kujerun roba a wurin ajiye motoci. Baba Shandu ne ya jera su, sannan ya koma can baya ya zauna a kan bokitinsa, hula a gwiwa. Biyela ya karanta hanyoyin biyu. Kafin a ɗaga hannu ya ajiye takardar, ya ce yana da magana. Ya kwana biyu yana shirya ta, gajeriya ce, ba ado: ni na huda, tsohon ya hana ni, ni zan biya.

Ya dubi fuskokin. Duk a ɗaure, duk suna jiransa. Ga Anti a gaba da jakarta a cinya. Sai ya ji kafaɗarsa ta ɗaga da kanta, girarsa ta hau sama, muryar shago ta fito.

“Jama'a, ku dube ni da kyau. Ni ne ɓarawon. Ni na hau kujera da gajeren wando da gudumar matata, na rufe ido ɗaya kamar sojan da bai taɓa zuwa yaƙi ba.”

Wani ya tuntsire a baya. Biyela ya ji dariyar ta shige shi kamar ruwan sanyi a maƙoshi, ya bi ta. Ya kwatanta yadda ruwa ya mare shi, ya nuna yatsan da ya dahu, ya yi rawar sabulu. Kowace kalma gaskiya ce. Wuri ya kaure. Malamin makaranta yana share hawaye yana cewa, “Kai Biyela, Allah ya shirye ka.” Wata ta ce, “Ku ji mutumin kirki, yana so ya ɗaukar wa tsoho laifi.” Har tafi aka yi masa. Mutanen da suka zo da nauyi a ƙirji suka sami inda za su sauke.

“Da gaske nake,” in ji shi, amma yana faɗa bakinsa na murmushi, shi ma yana ji.

“Mun ji, Ciyaman, a kaɗa ƙuri'a, rana na faɗuwa.”

MaZondi kaɗai ba ta yi dariya ba, ita da mai bokiti. Da aka zo kan sallamar tsohon, hannuwa suka tashi, wasu da sauri, wasu rabi-rabi kamar masu sosa kunne. Anti Kogie ta ɗaga nata tana kallon ƙasa. Aka ba tsohon ƙarshen wata.

Shi ya tattara kujerun bayan an watse.

Ranar tafiyar, kayansa duka ba su wuce akwatin ƙarfe ɗaya da rediyo da buhun da ya ɗaure sifanoninsa ba. Ya zare makullan daga ɗamara ya rataye a ƙusar bayan ƙofa. Lambun ya ba shi ruwa tun da safe, har barkonon marowacin. Biyela ya rufe shago ya zo ya ce zai kai shi tashar motar Nongoma. Tsohon ya ce ƙafarsa ta san hanya. Biyela ya saɓi akwatin a kafaɗa ya bi shi a baya, tunda ba a hana shi ba.

Suka yi tafiya ba magana, abin da bai taɓa faruwa da Biyela ba tun da ya yi haƙori. Can sai Biyela ya ce zai aiko masa da kwanon rufi kafin damina. Ya ce zai yi magana da wani abokinsa mai bene a unguwar Berea. Tsohon ya ci gaba da tafiyarsa. Da suka iso layin motoci, kwandasta na kiran fasinja, akwatin ya gama cin kafaɗarsa, ya kasa riƙewa.

“Baba, ka dai ji da kunnenka. Na faɗa musu a gaban kowa. Su suka ƙi yarda.”

Baba Shandu ya saka hularsa, ya gyara mata zama, sannan ya dube shi irin duban da ya yi masa ranar Lahadin nan, daga sama har ƙasa.

“Kai da ka sayar wa mara mota taya huɗu, kai ne ka kasa sayar da gaskiya kyauta? Sauke akwatin a hankali, Ciyaman, kada shi ma ka huda shi.”